Ranar Kwashe Kaya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyata. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in daina zubar da hawaye a kan namiji, wai ba shi kaɗai uwa ta haifa ba. Na gode 'yar uwa, Allah ya bar zumunci. Sai dai ki ƙara haƙuri da ni, don yau labarin ranar da aka tafi kwashe min kaya daga gidan su Abdulrauf zan ba ku.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Nana Maryam. Ƙauyenmu yana gefen Minjibir, irin ƙauyen da in kika fito ƙofar gida ƙafarki ta biyu a cikin gona za ta sauka. Tsakanin gidanmu da na su Abdulrauf gonakin gero ne da wata tsohuwar tsamiya, kuma a gindin tsamiyar nan ya fara ce min yana so na, yana magana yana kallon takalminsa. Daga baya ya samu aikin kula da tsofaffi a Ingila ya tafi. Yana can aka ɗaura mana aure, aka yi min jere a gidansu, aka kai ni ɗaki amarya babu ango. A ɗakin nan na zauna ina jiran biza, ina goge kwanukan da ban taɓa zuba masa abinci a ciki ba. Da bizar ta fito Iya, mahaifiyarsa, ta kulle ɗakin ta ce yana nan yana jiran mu. Shekara biyu ba ta cika ba na dawo gida da akwati ɗaya da saki ɗaya.

Kun dai san hukuncin saki ɗaya. Muddin idda ba ta ƙare ba, kalma ɗaya ta ishi miji ya mayar da matarsa, ba sabon sadaki, ba taron ɗaurin aure. To kalmar nan ce na zauna jira tun daga ranar da na sauka a Kano. Ba na jin kunyar faɗa muku, har yanzu ina son sa. Ina tashi da shi a raina, ina kwana da shi. Na san lokacin da yake tashi daga aiki, na san lokacin da yake hawa bas, sai in buɗe WhatsApp in zuba wa sunansa ido. In ga ya hau, in ga ya sauka, ko sallama babu. Wata rana har na ga alamar yana rubutu, can sai alamar ta ɓace. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Haka na yi ta jira har idda ta cika. Na yi wankan ƙarshe, na fito daga banɗaki da bokiti a hannu, na tsaya a tsakar gida ban san inda zan nufa ba.

Ko kwana uku ba a yi ba sai ga Gwaggo Huseina da hantsi, ƙanwar mahaifina marigayi, ta ci ɗamara da mayafi a ƙugu, mata huɗu na biye da ita. A ƙofar gida kuma a-kori-kura ce ke ta gurnani.

"Ina Innar Rukayya? To mun iso. Yau dai a yi ta ta ƙare, ko cokali ba za mu bar musu ba."

Inna, mahaifiyata, na zaune a kan tabarma a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta ɗago ta yi musu sannu da zuwa, ta mayar da kai ƙasa.

"Gwaggo, ina kwana," na ce.

"Lafiya lau, 'yar Ingila. Dube ki don Allah, wuya kamar na zabuwa. Wa ya ce ki sa wannan koɗaɗɗiyar atamfa? Ke fa yanzu bazawara ce mai lasisi, tashi ki sa leshin nan ruwan hoda, ki zizara kwalli. Motar nan da kike ji ta Alhaji Kamaruddeen ce, shi ya aiko ta da direba, ko sisin mai bai karɓa ba."

Matan suka kwashe da shewa. Ni kuwa na kawar da kai.

Alhaji Kamaruddeen ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, gidansa na Bacirawa, matarsa ta rasu bara ta bar masa 'ya'ya biyu. Shi ke sayen gyaɗarmu tun Baba na da rai. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne, duk tsawon iddata bai taɓa furta min ko kalma ba. Amma sau nawa mutum zai zo duba gyaɗar da ba a gama cirewa ba? Baffa Balarabe, waliyyina, tuni ya gama shawara a ransa. Duk sanda ya shigo sai ya zauna a kan turmi ya ce, "Nana, yaron nan ya manta da ke. Wanda ya sa ki a jirgi ke kaɗai ba ya neman ki. Ga mutum a kusa, in kin yi ciwon kai kafin azahar mun iso."

Na kalli Inna ko za ta ce wani abu. Ba ta ce ba, kuma ban yi mamaki ba.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, ko "yarinyar nan". Ko mutanen gari ba sa ce mata Innar Nana, sai Innar Rukayya, da sunan ƙanwata. Da aka yaye ni wurin kakata aka kai ni, a can na yi wayo. Ba ta taɓa yi min kitso a gaban mutane ba, ba ta taɓa zama ta ci abinci kwano ɗaya da ni ba. Ranar da zan tafi Ingila gida ya cika da masu kuka, ita kuwa ta ɗauki ƙwarya ta tafi bayan gida wai za ta ba awaki dusa. Ina can in na kira ta bidiyo, Rukayya ce ke riƙe wayar, Inna na gefe sai gefen mayafinta nake gani, in ji tana cewa, "Tambaye ta ko suna samun dawa a can." Na saba, har na ɗauka a ranta ma haka abin yake.

Gwaggo ta karɓi buhunan da za a zuba kwanuka, ta tsaya a kaina.

"Akwai abin da kika ɓoye a ɗakin da ba kya so a gani? Faɗi tun yanzu."

"Babu, Gwaggo. Sai dai labulen ƙofa, mai ruwan ganye. A cire shi a hankali, kada a yaga."

"Labule! Ana maganar gado da sif kina maganar labule."

Ban gaya mata Abdulrauf ne ya zaɓi labulen ba. Ta waya na tura masa hotuna daga kasuwa, ya ce wannan, don in ya dawo daga nesa ya hango shi ya san ina ciki.

Suka fita. Ina jin motar ta ɗauki hanyar tsamiya, na shige ɗakin Rukayya na kwanta rub da ciki.

Da yawanku kun tambaye ni me ya raba mu. Wasu sun ce Baturiya ya samu, wasu sun ce duka na yake yi. Wallahi ko ɗaya babu. Abdulrauf bai taɓa ɗaga min hannu ba.

Ɗaki ɗaya muke da shi a saman wani shago, tagarsa bango take kallo. Shi aikin dare yake yi, ya dawo da safe idanu jajur, ya faɗi a katifa. Ni kuma in wuni ina tafiya da sanɗa a cikin ɗakina kada in tashe shi. In ya farka ya ci abinci a tsaye, ya sa rigar sanyi, ya ce "sai na dawo". Ni da na tashi a gidan da ba a rufe ƙofa, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce a ɗan sam mata gishiri, sai ga ni ina wuni ban ji an ambaci sunana ba. Rana ta faɗi tun kafin la'asar ta yi sanyi. In na ce masa ina kewar gida sai ya ce, "Nana, nan ba gida ba ne, kowa haƙuri yake yi." Gaskiya ya faɗa, amma ni ba gaskiya nake nema ba, so nake ya zauna kusa da ni ko na ɗan lokaci.

Mutum ɗaya Allah ya haɗa ni da ita, Anti Roda. Nas ce, Kirista, 'yar gidan Malam Dogo ta wani ƙauye gaba da namu kaɗan. A shagon 'yan Afirka na ji tana waya tana cewa "ke dai bari", na saki kwandon hannuna na riƙe mata riga kamar na ga 'yar uwata ta ciki ɗaya. Ita ke kawo min kuka da daddawa, ita ta koya min hawa bas.

Ita ce kuma ta kai ni asibiti ranar da cikina na wata huɗu ya zube. Abdulrauf na wurin aiki, wayarsa na kulle a loka, haka dokarsu take. Sai da gari ya waye ya zo, da burodi da madara a leda. Ya tsaya a bakin gado ya ce, "Allah ya ba mu mai amfani." Muna komawa gida ya kwanta ya yi barci, don da yamma zai koma aiki. Na zauna ina kallon bayansa, na ji in ban fita daga ɗakin nan ba zuciyata za ta buga.

Sai na yi abin da kowace mace a garinmu take yi in ranta ya ɓaci. Na yi yaji. Na ɗaure kayana kala biyu a ɗankwali na tafi gidan Anti Roda, tunda ita ce kaɗai dangina a ƙasar. A lissafina zai kwana ɗaya ya ji ɗakin ya yi masa faɗi, ya zo biko, Anti Roda ta yi masa faɗa irin na manya, ni kuma in ja aji kaɗan in bi shi. Har na tsara yadda zan juya masa baya in ya shigo.

Washegari wata ma'aikaciyar asibiti ta kira ni don jin yadda jikina yake, ta tambaye ni ko ina gida. Da guntun Turancina na ce mata a'a, na bar gidan mijina, ina wurin wata 'yar uwa. A wurinmu wannan magana ce ta yau da kullum. A wurinsu kuwa macen da ta fito daga asibiti ta bar gidan miji gudu ta yi. Kafin Anti Roda ta dawo daga aiki ta yi musu bayani, an riga an je an ƙwanƙwasa wa Abdulrauf ƙofa, an yi masa tambayoyi, maganar ta kai wurin aikinsa, sun ce ya zauna a gida sai sun gama bincike.

Ya zo gidan Anti Roda, amma ba biko ya zo ba. Ko zama bai yi ba.

"Nana, ni kika kai ƙara wurin Turawa? Me na yi miki?"

"Wallahi ban kai ka ƙara ba, yaji na yi."

"Yaji? A nan? Wa kike da shi a nan da za ki yi yaji wurinsa?"

Anti Roda ta ce, "Abdulrauf, zauna mana, ka ji ta bakinta."

Bai zauna ba. A tsaye ya ce ya sake ni saki ɗaya. An wanke shi daga baya, ya koma aikinsa, amma bizata a jikin tasa take rataye, kuma zuciya ta riga ta yi aikinta, dole na dawo gida. A filin jirgi shi ya ja min akwati har inda ake tsayar da masu rakiya. Na jira ya ce wani abu, shi ma ina jin jira yake in ce wani abu. Da a gida ne, da Baffa Balarabe da kawunsa sun zauna a zaure sun kashe maganar kafin a kira magariba.

Wayata ta yi ƙara a ƙarƙashin filo, na zabura na fizgo ta. Baƙuwar lamba ce ta gida Najeriya.

"Salam Malama Nana. Kamaruddeen ne. Baffa ya ba ni izini in gaishe ki. In babu takura zan shigo bayan la'asar. In kuma ba ki shirya ba, ba komai, ina da haƙuri."

Na karanta na kife wayar. Kun ga irin saƙon da na shekara biyu ina so wani ya turo min, sai ga shi ya fito daga hannun da ba shi nake jira ba.

Rukayya ta leƙo tana cin ɗanyar gyaɗa. "Yaya, Alhajin ne? Wallahi ki amince, gidansa har da injin niƙa."

"Fita min daga nan."

"Ni dai na faɗa. Su Iya ma ai sallamar ki suka yi da zabin nan."

Zabin da take nufi, makonni kaɗan da suka wuce Iya ta aiko min da zabi biyu soyayyu a samira, da turaren wuta, da saƙon wai in ci in yi ƙiba. Na yi kuka a kansu, na ɗauka irin alherin rabuwa ne na tsohuwar da ta san ɗanta bai kyauta ba. Na tuna a ranar, Inna ko kallon samirar ba ta yi ba.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a kwance ba, sai na ji gurnanin motar ya dawo. Na ce a raina, har sun gama? Gado da sif da kwanuka fal ɗaki? Na leƙa ta taga. Bayan motar wayam, sai buhunan da suka tafi da su a ninke.

Gwaggo Huseina ta faɗo gidan ko sallama babu, mayafinta a hannu.

"Innar Rukayya! Fito ki gaya min abin da na yi miki da za ki tura ni in je in yi abin kunya a gidan surukai!"

Na fito da gudu. "Gwaggo, lafiya? Hana ku suka yi?"

"Hana mu? Da hana mu suka yi ai da sauƙi, da na nuna musu ni 'yar gidan waye. Tabarma tsohuwar nan ta shimfiɗa mana, ta kawo fura, tana ta murna wai ta ɗauka ke muka rako. Na ce mata kaya muka zo kwashewa, sai ta dafe ƙirji. Ta ce wane kaya, yaron da ya mayar da matarsa tun ranar da aka fara cirar gyaɗa?"

Na dafa bango.

"Ya... ya yi me?"

"Ya mayar da ke! Da bakinsa, kawunsa na kan waya yana shaida. Ta ce ya kira uwarki ya gaya mata, ya ce ita za ta sanar da ke, shi ba shi da bakin yi miki magana bayan abin da ya yi. Suna can suna zaton fushi kike yi shi ya sa kika yi shiru. Ta buɗe min ɗakin ma, a share, an turara shi, labulenki na nan a rataye." Ta juya tana neman Inna. "Ina take? Aure fa ba wasa ba ne! Da mun ɗaura wa yarinya aure a kan aure fa? Innalillahi!"

Tabarmar na nan, tiren gyaɗa na nan, Inna ba ta nan.

'Yan uwa, ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Farin ciki ya taso min har na ji jiri. Ashe duk kwanakin da nake zuba wa sunansa ido, shi ma nawa yake kallo. Ashe ni matarsa ce, jiya ma matarsa ce, ranar da na fito da bokiti ina jin duniya ta ƙare ma matarsa ce. A bayan farin cikin kuma wani baƙin ciki ya biyo, mai zafi. Bango ɗaya ne tsakanin inda nake kwana da ɗakinta, tana jin kukana, ta yi shiru.

Na bar su Gwaggo suna ta salati na zagaya bayan gida.

Tana can inda ake tara harawa, a tsaye, ta ba ni baya, awaki na zagaye da ita. Hannunta babu ƙwarya, babu dusa.

"Inna."

Ba ta juyo ba.

"Inna, da gaske ne ya kira ki?"

"Ya kira."

"Kika ƙi gaya min? Kina gani ina ramewa, kina gani Baffa na kawo min maganar wani? Na san ba kya kiran sunana, na san ba kya zama da ni, na haƙura da wannan tun ina yarinya. Amma ban san ƙin da kike min ya kai ki kashe min aure ba."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Na ga kafaɗunta sun motsa.

Daidai lokacin wani jirgi ya taso daga wajen Kano, ya bi ta saman gonakinmu kamar yadda suke yi kullum. Inna ta ɗaga kai ta bi shi da ido har ya shige gajimare, sannan ta yi magana, muryarta ƙasa ƙasa.

"Ranar da kika tafi, a nan na tsaya. Ban san wanne ne naki ba, sai na yi wa duk wanda ya wuce addu'a. Tun daga ranar, in na ji ƙararsu ko me nake yi sai na fito."

Ta ci gaba.

"Da cikinki ya zube, a bakin Rukayya na ji, bayan sati. Ina nan ina tankaɗe. 'Yata na kwance a wata ƙasa tana zubar da jini, babu mai dama mata kunu, babu mai gasa mata jiki, ni ina nan ina tankaɗe. Ko kuka ban samu na yi a gaban mutane ba, kada a ce ba ni da kunya." Ta goge fuska da bakin zani. "Da kika sauko daga mota na ga ƙasusuwan wuyanki, na ce Allah na gode da ka dawo min da ita da rai. Sai yaron nan ya kira. Na ce gobe zan faɗa. Gobe ta yi na ce gobe. Kullum in na ji motsinki a tsakar gida sai bakina ya yi nauyi. Na san zunubi nake ɗauka. Yau da safe har na buɗe baki zan tsayar da Huseina, na kasa."

Sannan ta juyo. Rabon da in ga fuskar Inna sosai, ido cikin ido, ban san ranar ba. Ashe ta tsufa haka.

Ta kwance bakin zaninta ta ciro 'yar ƙaramar wayarta mai madannai, wadda aka ɗaure bayanta da roba. Ta miƙo min.

"Lambarsa ce ta sama, ban goge ba. Yana kira duk Juma'a ya tambaya ko kin ce wani abu, in ce masa tukuna. Kira shi. Mijinki ne, ba ni da ikon raba abin da Allah bai raba ba."

Na karɓa. Ga lambar nan doguwa, wadda na haddace kamar karatun allo. Na danna, na kai kunne. Ta fara shiga, irin ƙarar nan ta wayar ƙasar waje da na sani.

Sai na ji an riƙe min wuyan hannu. Tafinta kaushi gare shi, duk ɓawon gyaɗa ya farfasa shi, kuma riƙon ba na wasa ba ne.

"Nana Maryam," in ji Inna.

Shekarata ashirin da huɗu a duniya, ban taɓa sanin yadda sunana yake a bakinta ba. Ta faɗe shi a hankali, a cike, kamar ta daɗe tana maimaita shi ita kaɗai. Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, hawaye suka hana ta, sai ta ƙara matse hannun.

A kunnena aka ɗaga wayar. Na ji ƙarar titi, na ji numfashinsa, na ji muryar da na yi wata da watanni ina roƙon Allah ya sake jiyar da ni.

"Assalamu alaikum, Inna, ina wuni," Abdulrauf ya ce da sauri. "Inna, ta ce wani abu? Don Allah ko zagi ne ki gaya min. Ki ce mata na bar aikin dare, na kama ɗaki mai taga biyu. Ki ce mata ta dawo."

Na buɗe baki in amsa masa. Inna ba ta saki hannuna ba.